Biyar a Kowace Rana

Dutse,
6 ga Maris, 1997.

Yaya Ikilima,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ke da maigidan da yara da mutanen Jahun baki ɗaya. Mu ma nan sai godiya.

Maganar motar Baba ce. Kin ce in ya sake tuƙi da idon nan nasa, sayar da ita za a yi. Na yarda, amma ba na son a yanke masa hukunci da zato. Shi ya sa na haɗa wata 'yar na'ura da tarkacen rediyon shagona, na jona ta da wayar fitilar cikin motar, na ɓoye ƙarƙashin kujera. Duk buɗe ƙofa, lamba ɗaya za ta ƙaru.

Yaya, ranar farko talatin da bakwai ta nuna! Ko direban tasha sai haka. Ashe makunnin ƙofa ne ya yi tsatsa, buɗi ɗaya sai ta ƙirga bakwai ko takwas. Na goge makunnan, na ƙara kafasita, wani ɗan kayan rediyo mai daidaita ƙirgen. Yanzu kullum biyar take nunawa, alhali taya ba ta gusa daga alamar allin da na yi ba. Kada ki yi min dariya, ki ba ni mako guda.

Ƙanenki,
Sagiru.

Dutse,
14 ga Maris, 1997.

Yaya Ikilima,

Bayan gaisuwa da fatan ƙafar 'yarki Fiddausi ta warke.

Na'urar ba ta da laifi, ni ne wawan. Ƙofar direba kawai nake tunani, na manta waya ɗaya ƙofofin huɗu suke bi.

Jiya na rufe shago na laɓe a zaure. Da Baba ya dawo daga sallar azahar, sai ya laluba jikin motar, ya wuce ƙofar direba, ya zagaya ya buɗe ɓangaren da Inna take zama kafin rasuwarta. Ya tsuguna, ya dafa kujerar, ya yi mata addu'a. Sannan ya rufe a hankali, kin dai san yadda take faɗa in an buga ƙofa. La'asar ma haka ya yi.

Wallahi kunya ta kama ni, na yi kuka kamar yaro. Shekara biyu da rasuwar Inna muna gida ɗaya, sai da tarkacen rediyo na san halin da mahaifina yake ciki.

Na cire na'urar. Motar nan ba za a sayar ba, Yaya, ko za ki yi fushi da ni. Sabon batir ma na sa mata, don fitilar ta riƙa kama masa in ya buɗe, ko da ba ya ganinta sosai.

Ki gaida kowa. Allah ya jiƙan Inna.

Ƙanenki mai ƙaunarki,
Sagiru.