Gangar Gidan Bulo

Zuru, 6 ga Maris 2004

Yaya Keziah,

Gaisuwa cikin sunan Yesu. Ya Kaduna, ya Saja mijinki, ya yara? Ni dai ƙaninki Haggai, sarkin bulo na Zuru da kewaye, ina nan garau.

Kinsan tunda Oga Ndubuisi ya bani riƙon ma'aikata a gidan bulonshi aiki ya koma wasa. Samarin Dabai na kwaso, waɗanda suka saba noman golmo a gonan surukai, na kuma kawo Sila mai ganga yanda mukeyi a gona. Yana bugawa suna kwasan ɗanyen bulo da gudu, kowa naso ya wuce ɗan uwanshi, ni kuma ina yiwa wanda yafi yawa kirari. Yaya inda kin gani! Bulo har bakin titi. Mata masu zuwa kasuwa tsayawa sukeyi, wai aikin suke kallo, amma ni nasan wa suke kallo.

Sai dai Oga baya ganin ƙoƙari. Wai in anzo lodi kusan rabi na farfashewa, siminti na tafiya a banza. Nace Oga yashin ne baida kyau. Ya canza yashi, abu bai canza ba. Jiya ya kira wani mutumin Yawuri ya duba inji, yace kafin ruwa ya sauka zai saida ya rufe wurin. In haka ta faru ki share min ɗakinku na baya, ina tafe da akwatina da rediyona. Karki damu da abinci, bana wuce kwano uku.

Naki har kullum,
Haggai

Kaduna, 19 ga Maris 2004

Ƙanena Haggai,

Mun gode wa Allah da jin kana lafiya. Saja da yara suna gaishe ka.

Na karanta wasiƙarka sau biyu, na biyun ina dafe da kai. Haggai, ƙasar gona ba ta tsagewa don an yi mata gudu, shi ya sa ake buga ganga. Ɗanyen bulo fa? Ka tuna Mama in ta gina tukunya, ko kaza ba ta bari ta gitta. Kai kuma ka sa ƙarti suna tsere da shi. Ka sallami Sila. Kuma ka daina yi wa wanda ya fi buga da yawa kirari, ka jira bulo ya sha ruwa ya bushe, ka yi wa wanda layinsa ya tsira.

Maganar ɗaki, masara ce a ciki. In ta kama dole zan kwashe, ai ba zan bar ɗan Mamana a titi ba. Amma ina addu'a kada ta kama.

Yayarka,
Keziah

Zuru, 25 ga Afrilu 2004

Yaya Keziah,

Gaisuwa mai yawa da fatan kunyi Ista lafiya. Zauna kiji abinda ƙwaƙwalwa keyi.

Sallaman Sila bazai yiwu ba, samarin sunce ba ganga ba aiki. Sai wata dabara ta faɗo min, ni kaɗai. Nace Sila sassauta hannu, buga irin na sojoji in suna rakiyan gawa. Dum. Sai a ɗaga ƙafa. Dum. Sai a aje. Kowa ya rungume bulo kaman jariri. Ranan farko Mama Joyce maƙwabciyarmu ta shigo da gudu ɗankwali a hannu tana cewa “Haggai waye ya rasu?” Nace Mama asara ce ta rasu, zo kiyi mana gaisuwa. Ta bini da muciya.

Kirari kuma yanzu sai bulo ya bushe nake bin layi, wanda baida tsaga ko ɗaya shine gwarzo. Wanda ya zube a gindin inji tun yana ɗanye mukan kwashe mu maida ciki. Wannan ma ni na ƙirƙiro.

Shekaranjiya mutumin Yawuri yazo da mota ɗaukan inji. Oga yabi layi yana shurin bulo da takalmi. Ya ɗaga ɗaya ya saki a ƙasa. Bulo ya kalleshi, ya kalli bulo. Sai yace wa mutumin “Alhaji sorry, injina no dey go anywhere.” A ƙarshe bulo mutumin ya saya ya cika motan, don kar ya koma hannu wofi. Daga nan har aka rufe mota, bulo biyu tak suka fashe, suma direba ne ya taka.

Kice wa Saja in bariki na neman mai dabara ya rubuto, zan duba ko inada lokaci.

Naki,
Injiniya Haggai

Kaduna, 4 ga Mayu 2004

Injiniya,

Mun gode wa Ubangiji. Na riga na kwashe masarar, yau Saja ya mayar da ita da hannunsa yana waƙa. Ka gaida Sila, ka ce kada ya kuskura ya ƙara sauri.

Allah ya tsare,
Keziah