Iskar Bayan Ma'aikata

Ƙanena Isa,

Gaisuwa mai yawa. Ya gida, ya Hajara da yara, ya ƙafar taka?

Da aka ce ma'aikatar yuraniyom ɗin garinku tana sakin guba a iska, ba wari ba launi, dariya na yi. Na ce wai hukuma za ta auna iska, da wane mudu?

Ɗan farina, da ya yi musu aiki, mun kai shi maƙabartar Baƙi'a ranar Laraba. Ciwon huhu ne. Na dawo na sha shayi, ban ji komai ba.

Ka kwashe yaran daga gidan nan na bayan bututun hayaƙin ma'aikatar. A gai da Inna, a yi mana addu'a.

Wanda ya faɗa mini zancen gubar nan na ƙarshe, a gadon mustashfa, wato asibiti, ɗan farin nan nawa ne, yau zan kira sunansa. Habu ne.