Hoton Inna da Idon Baba

Tanut, ranar Laraba

Zuwa ga yayata Kaltuma,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigidanki Malam Abdulmajid da yara. Yaya sanyin Tamanrasat, yaya kuma ƙarin haƙurinmu na rashin Inna? Allah ya jiƙanta, ya sa kabarinta ya zama wurin hutu. Mu nan muna nan da sauƙi. Damina ba ta yi kirki ba, geron gonarmu ta Ollelewa bai cika rumbu ba, amma ba mu kwana da yunwa. Matata Balki ta warke daga zazzaɓin da ya kwantar da ita, Gwaggo Lantana kuwa ta dawo gidan da zama don ta riƙa kula da Baba.

Yaya, kin roƙe ni in buga miki hoton Inna a shagona, baƙi da fari, irin wanda rana ba ta cinyewa, tunda Allah bai nufe ki da zuwa jana'iza ba. Ga shi cikin ambulan nan. Amma kafin ki buɗe ki ce ƙanenki ya manta sana'arsa, ki karanta ki ji yadda aka yi.

Hotonta ɗaya ne muke da shi, wanda Balki ta ɗauka da salula ranar sunan ɗanmu. Inna na zaune a bakin rumfa da farin mayafi, rana ta ƙwalle a bayanta, fuskarta cikin inuwa. Injin da nake buga hoto da shi tawada uku yake sha: baƙa, da toka mai duhu, da toka mai haske. Waɗannan tokar biyu su ne ke fitar da laushin fata. A cikin ordinata, wato kwamfuta, kuma akwai wani layi da ya miƙe daga baƙi zuwa fari. In ka ɗaga cikinsa sama, inuwa ta buɗe. In ka danne shi, duhu ya ƙaru. Mutanenmu kin san su, kowa ya zo hoton katin shaida sai ya ce a ɗan haska shi, har hannuna ya saba da ɗaga layin tun ba a roƙa ba. Haka na yi wa Inna. Da takardar ta fito sai ga wata mace fara sol, tsagar kumatunta duk ta goge. Gwaggo Lantana ta duba ta ce wannan ai gyaran gangar Abzinawa ne, ita ba ta san wannan baiwar Allah ba.

Na koma na zauna a kansa kamar mai tsintar tsakuwa a gero. In taɓa layin kaɗan, in buga ƙyallen takarda, in jira ta bushe, domin takarda na shan tawada ta fi gilashin ordinata duhu. Sannu a hankali na buɗe inuwar fuskar ba tare da na ƙone mayafin ba. Wallahi Yaya, ranar da ya fito daidai sai da na rufe shago na yi kuka. Ga tsagarta, ga ɗan murmushin nan da take yi in tana shirin yi wa mutum tsiya.

Da murnata na kai wa Baba. A nan ne na gane abin da yake ɓoye mana. Ya karɓa, ya juya shi sama da ƙasa, ya fita da shi tsakar gida, sa'an nan ya tambaye ni ko takardar ta jiƙe ne, don shi hayaƙi kawai yake gani. Ashe duk tuntuɓen da yake yi da buta, da muke cewa baƙin cikin rashin Inna ne, ido ne ke tafiya. Na kai shi Damagaram. Likitan ido ya ce hawan jinin ido ne, ya daɗe yana ci, abin da ya tafi ba ya dawowa, maganin ɗigawa kuma jinkirta sauran kawai zai yi. A mota Baba bai yi maganar kansa ba ko sau ɗaya. Abin da ya ce kawai, yana so ya ga fuskar matarsa kafin a rufe masa ƙofa.

Don haka na koma kan layin nan na yi masa abin da ban taɓa yi wa hoto ba. Na lanƙwasa shi kamar wuyan raƙumi, duhu ya ƙara duhu, haske ya ƙara haske. In buga in kai masa, ya girgiza kai, in koma in ƙara. A wannan kai da kawowa tokar mai haske ta ƙare ƙaf, mai duhun ma ta bi ta, ga shi ba a samun irinsu sai an aika Kano, kuma mai kawo mini ya daina zuwa. Na ƙarshen da baƙar tawada zalla na buga shi, babba, babu laushi ko kaɗan: farin mayafi, ramukan ido biyu, da layukan tsaga baƙi ƙirin. Ni kaina tsoro ya ba ni. Amma Baba ya kai shi dab da hancinsa, sai ya ce ita ce, ga Hauwa. Rabon da in ji sunanta a bakinsa tun muna yara.

Mai kyan nan guda ɗaya Gwaggo ta rataye shi a ɗakin Inna, ban kuwa iya ce mata ta sauke ba. Zan iya jira tawada ta samu in buga miki irinsa, amma da gangan na aiko miki irin na Baba. Ina so ki dube shi da kyau, domin iyakar abin da mahaifinki ke gani ke nan yanzu, kuma kullum raguwa yake. Na san hanya da wuya, na san hidimar yara. Amma zumunta a ƙafa take, Yaya, muryar salula ba ta isa ba. Jiya ya sa na nemo hotonki in yi masa irin wannan gyaran. Na gwada, na kai masa, bai gane ki ba, domin ke ba ki da tsaga.

Ki gaishe mini da Malam Abdulmajid da kyau, ki karanta masa wannan. Ki shafa mini kan Husaina da Haris. Gwaggo Lantana da Balki suna gaishe ki, haka su Kawu Hamza na Falanko. Baba ma yana gaishe ki, ya ce kada in tayar miki da hankali. Na saɓa masa, Allah ya yafe mini. In za ki zo, ki zo tun yana iya ganin ko da inuwarki a bakin ƙofa.

Naki ƙane mai jiran isowarki,
Nafi'u