Adireshin Alhaji Tankari

Guangzhou,
3 ga Maris.

Maman Fasuma,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da yara. Yaya ƙafar Hajiya? Allah ya ƙara sauƙi. Ni lafiyata ƙalau, sai kewarku da ruwan sama da ya ƙi ɗaukewa.

Kin ce a waya maganar kaya kawai nake yi miki. To, yau ga labari, Souleymane da zai taho gida zai kawo miki takardar.

Tun da aka ba ni sakataren ƙungiyar 'yan kasuwarmu, rajistar mambobi ta hana ni sakat. Mutum ɗari uku da ɗoriya, amma in kin duba adireshi sai ki ga "bayan kasuwar Shahe", ko "gidan da Malam Huzaifa yake". Wane direban tasi ɗan China za a nuna wa wannan?

Akwai wata baiwar Allah, Saffana, matar Sharfaddeen mai tura kaya Maraɗi. Ilimin kwamfuta ta karanta a nan. Ita ta karɓi rajistar, ta yi mako uku a kanta, don Allah kawai. Yanzu in aka buga lambar gidan waya ta unguwar mutum, lamba shida ce, sai lardi da birni da gunduma su fito da kansu, da boko da rubutun Sinanci. Titi da lambar gida kuma daga takardar hayar kowa take kwafewa, harafi da harafi.

Ba zan ɓoye miki ba, da farko ƙaƙale na ɗauke shi. Dattawa ma sun yi ta mita. Kin tuna Alhaji Tankari na Kantin Kwari, wanda ya yi mini jagora farkon zuwana? Cewa ya yi shekararsa goma sha biyu a garin nan, ba wanda ya taɓa aiko masa da wasiƙa. Da ƙyar ya karanto lambarsa daga wata takarda. Tana bugawa sai ga Panyu, alhali a tsohon littafi Shahe aka rubuta. Na ce ta ƙyale, ƙila tsoho ya yi kuskure. Ta ƙi. Ita da mijinta suka hau jirgin ƙarƙashin ƙasa, tafiyar awa guda, suka yi ta cigiya har suka same shi. Ashe tun bara ya koma can, hawa na bakwai, shi kaɗai. Bai gaya wa kowa ba, gudun kada a ce kasuwa ta juya masa baya. Ta gyara adireshin, ta ɗauki lambar wayar mai gidan, kuma ba ta faɗa wa kowa ba sai ni.

Ki gaida Hajiya, ki shafa mini kan yara.

Naki,
Ghali

Guangzhou,
19 ga Afrilu.

Maman Fasuma,

Assalamu alaikum. Ina fatan kowa lafiya. Na ji Fasuma ta shiga izu na ashirin, Allah ya yi mata albarka.

Ki nutsu ki karanta, abin ya zo da sauƙi. Juma'ar da ta wuce ban ga Alhaji Tankari a masallacin Huaisheng ba. Muna fitowa wayata ta yi ƙara. Shi ne, amma muryar ba tasa ba, harshensa ya yi nauyi. "Ghali, hannuna," shi kaɗai na iya ganewa, daga nan sai numfashi. Ni ban taɓa zuwa gidan ba, kuma Sinancina bai wuce na ciniki ba.

Na karɓi wayar Malam Huzaifa na kira Saffana. Tana tsakiyar girki, amma ko ɗar ba ta yi ba. Ta ce, "Malam Ghali, kada ka katse shi, ka yi ta kiran sunansa." Ta buɗe rajista, ta kira motar asibiti, ta karanta musu adireshin da yarensu, ta kira mai gidan ya hau da makulli. Kafin mu kai tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa an ɗauke shi.

Shanyewar ɓarin jiki ce. Likita ya ce da an ƙara awa ɗaya, da wata maganar ake yi. A hanya na yi ta tunanin ranar da na ce mata ta ƙyale. Da ta bi tawa, da Shahe muka nufa muna buga ƙofar da ba kowa. Na nemi ta yafe mini, ta yi dariya ta ce ita ba ta ma tuna ba.

Jiya ya fara magana. Ya sa aka kira Saffana, ya daɗe yana kallonta hawaye na zuba, sannan ya ce, "'Yata." Ta durƙusa ta gaishe shi, ta tambaye shi ko ya ci abinci.

Don Allah da takardar nan ta iso ki je Gwammaja wurin iyalinsa, ki shaida musu da bakinki cewa na gan shi da idona, yana shan shayi da hannun hagu. Kwana biyu muka yi kafin mu sami lambar wayarsu, shi ya sa yanzu Saffana ta buɗe gurbin adireshin iyalin kowane mamba na can gida.

Da ta zo kaina, ashe ban san adireshin gidanmu ba. Ki sa a tambayo mini lambar gidan waya ta unguwarmu. Shekara arba'in da shida da haihuwata a Ƙofar Na'isa, sai ga ni ina ce mata gidanmu na kallon mai ƙosai.

Mijinki mai kewarki,
Ghali