Mirin a Cikin Kabewa

Takayama, 9 ga Nuwamba

Yaya Fusae,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya. Ya gwiwar taki da wannan sanyi? Mu nan lafiya lau, sai dai na yi abin kunya, kuma ke kaɗai zan iya faɗa wa.

Makon jiya wata dattijuwa Musulma 'yar Pakistan, Parwin, ta sauka a masaukinmu tare da 'yarta Nusrat mai aiki a Nagoya. Suka miƙo min kati da rubutunmu na Japan: ban da naman alade, ban da giya ko ɗigo. Na rusuna na ce su kwantar da hankalinsu, shekara talatin ina girki. Kin san ni da cika baki.

Parwin, baiwar Allah, ta kwana shida tana tsoron abincin ƙasar nan, har ta rame. Na dafa mata kabewa irin ta Mama. Yaya, sai da ta ƙara sau biyu! Kwana uku kullum ita take nema. Ranar tafiya ta riƙe hannuna ta roƙi in rubuta mata yadda ake yi. Na rubuta kabewa, romo, shoyu ruwan waken suya, sukari. Da na zo kan mirin sai hannuna ya tsaya cak.

Tsakani da Allah, ke kin taɓa kallon mirin a matsayin giya? Giyar shinkafa ce mana, amma mu kusa da gishiri muke ajiye ta. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Sai na tsallake sunan, na naɗe takardar, na miƙa mata ina murmushi.

Ki gaida maigidanki, Yaya Noboru.

Ƙanwarki,
Sumie

27 ga Nuwamba

Yaya,

Na ga wasiƙarki, na ji daɗi da ƙafar ta yi sauƙi. Kin ce in manta, tunda ba su sani ba. To, ga Nusrat ta rubuto. Uwar ta kwanta rashin lafiya a Nagoya, ba abin da take sha'awa sai kabewata. Sau huɗu yarinyar tana dafawa, uwar tana ture kwanon tana cewa ba ita ba ce. Tana tambaya ko akwai abin da na manta.

Na nuna wa mijin nan nawa Tadao. Ya ce, “Ke dai da neman wahala! Ce mata ta ƙara zuma, shi ke nan. Wa ya aike ki?” Na ce da shi ya tashi ya ba ni wuri. Amma kada ki ga na yi masa tsawa, har na ɗauki alƙalami zan rubuta zumar. Kunyar wannan ta fi ta farko.

Jiya na aika musu gaskiya.

Taki,
Sumie

11 ga Disamba

Yaya,

Ina fata kuna lafiya. Amsa ta zo, kuma Parwin ta samu sauƙi. Ta sa a gaya min cewa a addininsu ba laifi a kan wanda ya ci bai sani ba, ni ma kada in damu, tunda ban sani ba lokacin da na dafa. Har da addu'a ta yi min. Ina ma zagina ta yi.

A ƙasa Nusrat ta ƙara layi ɗaya nata na kanta. Ta ce uwarta tana nuna wa kowa takardar girkin nan, tana cewa ta samu 'yar'uwa mai amana a Japan. Don haka tana so ta sani: ranar da na rubuta ta, na sani ko ban sani ba?

Tadao ya ce ba dole ne in amsa ba. Na amsa da safen nan. Na ce na sani, ina kallon idon mahaifiyarta na tsallake.

Kada ki rubuto ki ce na kyauta, Yaya. Ban kyauta ba.

Ƙanwarki,
Sumie