Ranar da Motar Baba Ta Tashi

Gwaggo Hajara,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da ladabi. Yaya ƙafar taki, yaya mutanen gida?

Gwaggo, Baba yana asibiti. Tsohuwar motar Ingilan nan mai kujera biyu, wadda ya shekara huɗu yana gyarawa, ta tashi ranar Asabar. Saboda zafin Dubai ya rufe ƙofar gareji yana sauraron injin, hayaƙi ya cika wurin. Mama ce ta tarar da shi a kwance.

Jiya ya farfaɗo. Na riƙe hannunsa, ya dube ni ya ce, "Sannu yarinya, ke 'yar waye?"

Likita ya ce mu jira. Ki sa shi a addu'a. Ki gaida Kaka, amma kada ki faɗa mata tukuna.

'Yarki,
Rumaisa