An Kai Fitilun Murjani Biki, Ni Aka Kora

Zuwa ga Alhaji, mai sabon otel na bakin kwalta a Dogon Dutsi.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ranka ya daɗe, da fatan iyali suna lafiya. Na rubuto a fili ne don an hana ni ganinka, kuma a bainar jama'a aka kore ni.

Na ɗaya. Ni ne ɗan sitaj ɗin, wato ɗalibi mai koyon aiki, da ka ba kula da akwatin gilashin nan na ruwan gishiri da ke ɗakin tarbar baƙi, mai kifaye da murjani. Bana na gama jami'a. Bincikena a kan shuɗin hasken OLED ne, irin na fuskar wasu wayoyi, wanda ya fi sauran launuka saurin tsufa, masana kuma suna ta samun hanyar tsawaita rayuwarsa. Fitilun akwatinka ba OLED ba ne, LED ne. Na faɗa don kada a ce na ƙara wa kaina sani.

Na biyu. Murjani ba dutsen ado ba ne, yana da rai. A jikinsa akwai ƙananan tsirrai da ke haɗa masa abinci da haske, musamman shuɗi mai ƙarfi.

Na uku. Lokacin da na tafi Tibiri duba mahaifiyata, ƙanenka Malam Sani ya ba da aron fitilun don ƙawata rumfar biki a Dumega. Na sani, a wurinmu ba a hana ɗan'uwa aron kayan biki. To amma ya maye gurbinsu da shuɗayen fitilun ado na kasuwa, yana ganin shuɗi duk shuɗi ne. A ido haka ne. Ga murjani, yunwa ce. Da na dawo na roƙa a maido su, aka ce ango bai gama karɓar baƙi ba. Har yau suna can.

Na huɗu. Da murjanin ya fara koɗewa, Malam Sani ya kira ni gaban ma'aikata da ƴan kabu-kabu masu babur, ya ce karatuna na banza ne, ya sallame ni. Ya kuma riƙe takardar shaidar sitaj, wadda in babu ita ba za a karɓe ni karatun gaba ba bana.

Roƙona, Alhaji: ka aika Dumega a ga fitilun da ido, ka sa a ba ni shaidata, a kuma faɗi gaskiya a ƙofar da aka kunyata ni. Ko ba ka yi mini komai ba, a maido fitilun cikin gaggawa. Reshe ɗaya na murjanin, na gefen hagu, yana da sauran launi ranar da na fita.

Allah ya ƙara maka arziki, ya sa ka ji kafin ka yanke hukunci.

Wassalam.
Mahamadu Ɗan Tibiri